Talata: kumfa a bakin itace

Da sassafe na saki iskar tukunyar matsi ina ta zumuɗi, domin tun jiya da yamma nake ɗokin ganin yadda shuɗin nan da hodar ƙyalli mai ruwan zinariya za su zauna da gutsattsarin ƙullin itacen da na daɗe ina adanawa. Sanduna 6 na zuba, waɗanda ake sassaƙa jikin alƙalami da su, na rezin, wato ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri. Da na ɓare mazubin silikon, biyu sun fito garau kamar gilashi, sauran huɗun kuwa duk inda rezin ya haɗu da itace sai ga wani farin layi na kumfa, tamkar an kaɗa sabulu an bar shi ya daskare a ciki.

Ina tsaye ina jujjuya su Auta ya shigo. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta saitin taga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaya, ka auna nauyin itacen kafin ka sa shi a oben da kuma bayan ka fito da shi?" Ban ba shi amsar abin da ya tambaya ba. Cewa na yi itacen ya bushe sarai, rezin ɗin ne ya daɗe a ajiye har ya lalace. Ya ce, "To, Yaya," ya ajiye sandar a hankali ya fita.

Wannan "to" ɗin ne ya hana ni sakat yau. Da ya yi mini gardama da na samu abin kamawa, amma ya yi shiru, alhali hujjar da ke ƙaryata ni tana kan tebur a gabanmu mu biyu. Sandunan nan biyu da suka fito lafiya su ne waɗanda ban sa musu itace ba, kuma daga kofi ɗaya na zuba duka shidan. Da a ce rezin ne ya sha danshi a cikin kwalba, da kumfar ta bazu ko'ina, ba ta tsaya a bakin itace kaɗai ba. Ni ne na koya wa Auta cewa ɗaya daga cikin ruwaye biyun da ake haɗawa a foliyuretan, irin rezin da na zuba, ba ya ga maciji da ruwa: da zarar ya gamu da laima, komai ƙanƙantarta, sai ya haifar da iskar kabon, iskar kuma ta rasa hanyar fita saboda rezin ya riga ya fara kauri. Ni ne kuma na koya masa cewa ba a gane bushewar itace da taɓawa, sai dai a bar shi a oben a kan zafin kusan digiri 100, ana aunawa a sikeli har nauyinsa ya daina raguwa, abin da kan iya cin yini guda cur. Jiya awa 2 kacal na ba shi, na taɓa na ji da ɗumi, na ce ya isa.

Na so in laƙaba wa tukunyar laifi ma, sai na ga babu hanya. Allurarta mai nuna matsin iska tana kan PSI 50 har safiya, ba ta sauka ba. Aikinta shi ne ta matse ƴan kumfar da aka kaɗo lokacin gauraya har su ƙanƙance ido ya daina ganin su, rezin ya daskare a haka. Ba ta fitar da iska, kuma ba ta da ikon hana itace mai danshi ci gaba da haifar da sabuwa daga ciki.

Abin da ya ƙara mini haushi shi ne na zaɓi wannan rezin ne ido a buɗe. Da wani irin rezin da ake kira foliyesta na fara, kuma har gobe ban ga wanda ke ƙyalli kamarsa ba idan an goge shi, ga shi ana iya zuba shi ba tare da tukunya ba. Amma warinsa ya sa Uwargida ta kafa mini doka, ga ƙirga ɗigon maganin daskararwa da ke sa mutum zullumi, ga tsukewa da yake yi idan ya bushe har ya janye jikinsa daga itace ya bar tsaga. Mafi muni shi ne gautsinsa a kan injin sassaƙa, inda sai ka kusa gamawa wani ɓangare ya ɓalle ya tona bututun tagullar da ake sawa a cikin sandar. Efoksi kuwa mai haƙuri ne, yana ba ka lokaci mai tsawo, yana riƙe itace da kyau, kuma bai cika damuwa da ɗan danshi ba. Sai dai haƙurin nasa ne aibinsa a wurina, saboda kafin ya kama jikinsa hodar ƙyalli ta kwanta a ƙasa, launuka sun cakuɗe sun zama ɗaya, sannan ka jira kwana 2 ko 3 kafin ka kusance shi da ƙarfe. Foliyuretan mai jinkirin daskarewa yana ba ni kimanin minti 12, ana auna ruwayen biyu daidai wa daida a sikeli, ina jira kofin ya yi ɗumi zuwa wajen digiri 35 kafin in zuba don launuka su tsaya a inda na ajiye su, kuma yana fita a injin zare-zare ba tare da ɓallewa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne tak, wato kada ruwa ya kusance shi, shi ɗin ne kuma na karya, sannan na juya na ce shi ya ci amanata.

Da rana na huda ɗaya daga cikin masu kyau da ƙarfen milimita 7, ina zaro shi akai-akai don kada zafi ya tsaga sandar. Na shafa baƙin fenti a cikin ramin don kada tagulla ta nuna ta jikin shuɗin, na jingine ta ta bushe.

Wata sandar da na manna wa bututu ranar Asabar na sassaƙa, na goge ta da ruwa har zuwa takardar gogewa mai laushi ta Micro-Mesh mai lamba 12000. Ta yi kyau ƙwarai, amma ban ji daɗin da na saba ji ba.

Da yamma na ɗauko gutsuren itacen da ya rage daga na jiya, na ɗora shi a sikeli ya ba ni giram 48, na rubuta a takarda na mayar da shi oben. Bayan awa 5 ya koma giram 45, ban kuma ga alamar ya tsaya ba. Giram ukun nan ruwa ne zalla, irin wanda na rufe a cikin sanduna huɗu na ce rezin ya tsufa. Ƙullin itacen da ke cikinsu ba zai dawo ba, domin ko na yanke wurin kumfar abin da zai rage bai kai tsawon bututu ba.

Auta bai sake leƙowa ba har dare. Na kife takardar a gefen sikeli zan kashe fitila, na kai bakin ƙofa, sai na dawo na juya ta lambobin suna kallon sama, don na san shi ke fara shigowa da safe.