Ranar da Na Kalli Yamma Na Yi Sallah

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kano, amma in na ambaci China a aji, abin da yara ke kawowa bai wuce waya da atamfa da babur ba. Ni ma abin da ke kaina bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa da sunana ya fito cikin malaman da za su je kwas na mako biyu kan tarihi da al'adun gabashin Asiya, mahaifiyata ta yi ta sa albarka tana cewa, "To, yau ga ɗana zai je neman ilimi har birnin Sin."

Daga Kano muka yada zango a Addis Ababa, sai Beijin. Agogonsu na gaban namu da awa bakwai, don haka kwanakin farko da gyangyaɗi muka sha laccoci. Kwas ɗin bai shige ni sosai ba sai ranar da aka ɗebe mu a jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa zuwa Shi'an, tsohuwar hedikwatar daular Tang, wadda a da ake kira Chang'an. A zamanin da, daga nan fatake ke tashi da siliki su nausa yamma.

An fara kai mu wurin sojojin yumɓu. A 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya suka ci karo da su: dubban mayaƙa masu tsayin mutum, a jere cikin ramuka, kowa da irin fuskarsa. An binne su ne don gadin kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Farfesar da ke jagorantarmu ba ta bar mu da kallo kawai ba. Ta ce mutumin nan ya daidaita rubutu da kuɗi da ma'auni, kuma shi ne ya ƙone littattafai ya tilasta wa talakawa aikin gayyar da ya ci rayuka. Sai ta ce kowa ya rubuta tambayar da zai yi wa ɗan shekara 15 a kansa. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin mu mun saba zuba wa yara shekaru da sunaye su haddace.

Ganuwar birnin kuwa ta sosa mini rai. Tun zamanin daular Ming take, kewayenta kusan kilomita 14, faɗin samanta har keke ake hawa. Ina tafe a kanta ina tuna badalarmu da ake yanka filaye a jikinta, ana kwasar ƙasarta.

Ranar Juma'a mu Musulmin tawagar muka nemi izini muka tafi babban masallacin Shi'an, a unguwar 'yan ƙabilar Hui. Ba don an nuna mana ba, da mun wuce shi. Babu kubba, babu doguwar hasumiya irin tamu. Ginin katako ne mai rufi mai lanƙwasassun baki, farfajiya bayan farfajiya, da itatuwa da tsit. Ana danganta kafa shi da shekara ta 742, ko da yake ginin yanzu na bayan nan ne. A jikin bango ga ayoyi an sassaƙa, da wani salon rubutun Larabci mai kama da zanen buroshinsu.

Da muka yi alwala zan yi nafila, sai na duba rana na juya gabas, kamar yadda na taso. Wani dattijon malami daga Damagaram ya dafa kafaɗata, ya ce, "Malam, a nan Makka tana yamma da mu." Na juya jikina a sanyaye. Mu da kalmar gabas ta zame mana alƙibla a baki, har mukan ce wane ba ya kallon gabas, ga al'umma sun fi shekara dubu suna kallon faɗuwar rana. Liman, wanda suke kira ahong, ya ja Fatiha, tsofaffi masu fararen huluna suka amsa da amin. Hawaye suka zubo mini.

Bayan an sallame wani tsoho ya riƙe hannuna, ba ya jin Turanci, ba na jin Sinanci, amma sallama ta wadatar. Ya kai mu wata rumfa a bakin layi inda ake sayar da paomo: a ba ka gurasa mai tauri ka gutsuttsura da hannunka ƙanana, sannan a zuba mata romon rago. Muna ci malamin Damagaram ya zaro takarda ya zana taswira, Kano a hagu, Shi'an a dama, Makka a tsakiya, ya ja kibiya biyu suna kallon juna. Na roƙe shi takardar. Da ita na buɗe darasin farko ranar Litinin ɗin da na koma aji, kuma kafin in gama zana ta a allo hannaye shida sun tashi.