Wasiƙa daga Jamus: Abin da ake dubawa kafin a ba mutum mafaka

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce, "In mutum ya iso, wane labari zai bayar a karɓe shi?" Daga jin tambayar ka san an yi wa lamarin gurguwar fahimta, shi ya sa na ga gara in amsa a fili.

Tushen abin shi ne yarjejeniyar Geneva ta 1951 da ƙarin da aka yi mata a 1967. A wurinta, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa, kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron za a gallaza masa saboda ɗayan abubuwa 5: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Talauci ba ya ciki, rashin aikin yi ma haka, komai zafinsu. Tarayyar Turai tana da wata kariyar ta biyu ga wanda hukuncin kisa ko azabtarwa ke jiransa, ko yaƙin da ba ya barin farar hula.

A nan Jamus hukumar BAMF, wato hukumar kula da ƙaura da 'yan gudun hijira ta tarayya, ita ce ke yanke hukunci. Tun farko za a ɗauki hoton yatsunka a duba Eurodac, wato rumbun da ƙasashen Turai ke adana hoton yatsun masu neman mafaka. In an taɓa ɗauka a Italiya ko Sifaniya zai fito, kuma ana iya mayar da kai can, don ƙasar da ka fara shiga ita ce galibi ke da alhakin duba buƙatarka. Wanda ya rantse kai tsaye ya zo, alhali yatsunsa suna rubuce a tsibirin Lampedusa na Italiya, ya zubar da yardar da za a yi masa tun ba a zauna ba.

Ranar ganawa ita ce komai. Ɗaki ne ƙarami, ga jami'i da kwamfuta, ga tafinta, ga kai, kuma ana iya shafe sa'o'i. Za a tambaye ka: wace rana masu gallaza maka suka zo? Su nawa ne? Ta wace ƙofa ka fita, wa ya ɓoye ka? Can an jima sai a dawo da tambayar ta wata fuskar. Jami'in ya karanta rahotanni kan ƙasarka, don haka zai so jin me ya sa hukumomin tsaro ba za su iya kare ka ba, me kuma ya hana ka komawa wani yankin ƙasar ka zauna lafiya. Wannan ta ƙarshen ta kayar da mutane da yawa, musamman 'yan manyan ƙasashe, ko da an yarda cewa abin da suka faɗa ya faru.

Nauyin bayani a wuyanka yake. Ba a ce sai ka kawo takarda kan kowace magana ba, wanda ya tsere da dare ba ya tsayawa tattara shaidu. In labarinka ya haɗu, bai ci karo da abin da aka sani ba, kuma an ga ka yi iya ƙoƙarinka, ana iya gaskata ka. Amma labarin da dillali ya sayar maka, ka sani ya sayar wa wasu, jami'in kuwa ya sha jin sa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: takardar bogi guda ɗaya tana iya shafa wa sauran gaskiyarka baƙin jini. Abin da ka manta, ka ce ka manta, kada ka yi kame-kamen kwanan wata.

In ba ka gane tafinta sosai, ko shi ba ya gane ka, faɗi nan take, ba kunya a wurin. Mace na iya neman jami'a da tafinta mata in abin da za ta faɗa ya shafi cin zarafi. A ƙarshe za a karanta maka abin da aka rubuta a harshenka, ka gyara kuskure kafin ka sa hannu, don da shi za a yi maka hukunci har a kotu.

Saura kula da wasiƙu. Ka sauya masauki, wajibi ne ka sanar da hukuma, don wasiƙar da aka kai tsohon adireshinka ana ɗauka ta iso gare ka. Ƙin zuwa ganawa ba uzuri na iya sa a rufe fayil ɗinka. In aka ƙi ka, takardar kan zo a ambulan rawaya da kwanan wata a jikinsa, daga nan lissafi ke farawa: mako 2 ne ka shigar da ƙara a kotu, mako 1 in an ce buƙatar ba ta da tushe ƙarara. Ajiye ambulan ɗin, ka nemi lauya ko ofishin ba da shawara a ranar. Wanda aka bai wa mafaka kuma, in ya je gida ziyara ko ya sabunta fasfon ƙasarsa, ana iya sake buɗe shari'arsa a ƙwace kariyar.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Jamus