Ci kamar gara, amma ana ta rama: idan tayirod ta wuce gona da iri

Tayirod 'yar ƙaramar tsoka ce a gaban wuya, ita ce ke kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Sinadarai biyu take fitarwa, T4 da T3, su ke daidaita saurin yadda jiki ke ƙona abinci. Idan suka yi yawa, komai sai ya ɗauki gaggawa: zuciya na bugawa fiye da sau 100 a minti ko ana zaune, hannu na karkarwa, gumi ko da sanyi, yawan bayan gida, rashin barci, saurin fushi, al'adar mace ta ragu. Ga ci, ga rama. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa damuwa ce kawai, a yi ta ɓata lokaci. Tsofaffi kuwa wani lokaci bugun zuciya mara tsari ne kaɗai alamarsu.

Babban sanadi shi ne cutar Graves, inda garkuwar jiki ke zuga tayirod, kuma ita ce ke sa idanu su firfito. Akwai kuma ƙulli a cikin tsokar, kumburinta bayan haihuwa, da maganin zuciya amiodarone mai yawan aidin.

Gwajin jini ne ke raba gardama: TSH, sinadarin da ke ba tayirod umarnin aiki, ya yi ƙasa, T4 ko T3 ya hau.

Yawanci da carbimazole ko methimazole ake farawa, a sha wata 12 zuwa 18, ana duba jini duk mako 4 zuwa 6 a farko don daidaita adadin. Sauƙi ba ya zuwa nan take, domin sai sinadarin da ya riga ya taru ya ƙare, wanda kan ɗauki makonni. Kafin nan propranolol na lafar da bugun zuciya da karkarwa, amma ba a ba mai asma. Inda ake tafka kuskure shi ne a ji sauƙi a ajiye magani. Ko an cika wa'adin ma, kusan rabin masu Graves cutar na dawo musu.

Abin da bai kamata a manta ba: mai shan carbimazole da ya ji zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko ƙurajen baki, ya dakata da shi, a gwada jininsa a ranar. Can ba a rasa ba, maganin kan kassara ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun da wuri, domin a wata ukun farko wani magani mai suna PTU aka fi so.

Idan cutar ta dawo, sai aidin mai radiyeshin da ke rage ƙarfin tayirod, ko tiyata. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa aidin ɗin, a kuma jinkirta ɗaukar ciki wata 6. Yana iya ta'azzara ciwon ido, musamman ga mai shan taba. Bayan kowannensu, da yawa za su sha levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, har ƙarshen rayuwa.