Hotuna sun buɗe, Alhamdulillah

Jiya bayan isha yaron nan na Farm Centre, kasuwar waya, ya kira ni daga Kano, ya ce Yaya hotunanka sun buɗe. Wallahi kasa amsa masa na yi, sai da ya ce Yaya kana ji na kuwa. Aikin shekara goma ne a cikin ɗan akwatin nan na'urar ajiye hotuna da na kai masa gyara, tun 2014 nake yawo da kyamara a sansanonin 'yan gudun hijira na Dalori da Bakasi da lungunan Monday Market a Maiduguri, kuma kun san yadda na tsamo shi cikin laka a ɗakina na Gwange bayan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta janye. Na 2016 kam sun tafi, Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma sauran duk suna nan.

Ba zan maimaita labarin ambaliyar 10 ga Satumban 2024 ba, kun bi shi da ni a nan. Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Da aka sake buɗe Bakasi aka kwaso mu ciki, ina tsaye babu ko takalmi a wurin da na yi shekaru ina ɗaukar mutanen Gwoza da Monguno suna layin abinci, yau ga ni a layin, kunya ta hana ni ɗaga kai. Sai wata tsohuwa ta riƙo hannuna ta ce ɗana, ba kai ne mai hoto ba? Ni ban ma gane ta ba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da leda a cikin leda, hoton ɗanta ne da na ɗauka na wanke mata tun 2015, ta ce yaron ya rasu kuma ba ta da wani hotonsa sai shi, ruwa ya ci katifa da tukwane amma wannan a ka ta ɗaura shi. Ta matsa min a tabarmarta, ta raba kununta biyu. Iya, na san ba kya Facebook, Allah ya jiƙan ɗanki ya sa yana Aljanna, ke kuma ya ba ki ɗakin da ruwa ba zai ƙara shiga ba.

An ce ba a kiran suna a irin wannan, to ku yi min haƙuri. Baba mai kwalekwale da ya ƙi karɓar ko sisi, ƙanwata da ta saida ɗankunnenta aka kai akwatin Kano, da yaron Farm Centre da ya kwana uku a kansa, Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a. Waɗanda suka rasu a ruwan nan Allah ya karɓi shahadarsu.

'Yan uwanmu na Abuja da suka turo saƙo suna tambaya ko na samu ɗaukar hotunan ambaliyar, ban samu ba, ina ciki ne. Mun dai gode.

Kyamara ta mutu, ta aro nake riƙe da ita. Ranar Juma'a in sha Allah zan wanke wa Iya babban hoton ɗanta a sa mata a gilashi, in akwai wanda ya san inda ta koma bayan an tashi daga Bakasi don Allah ya yi min magana.