Benewah: rufin sama ya miƙe a ƙarshe

Jama'a, yau dai rufin saman ƙaramin samfurin jirgin ruwan sojan Amurka USS Benewah da nake haɗawa ya kwanta sambal, babu kantara ko kaɗan. Alhamdu lillahi!

Gangar jikin ba ta ba da wahala ba. Shi wannan barikin ruwa, mai lamba APB-35, a kan tsarin jirgin LST (mai sauke tankokin yaƙi a bakin teku) aka gina shi a Boston, don haka gangar samfurin LST ta ma'aunin 1/350 ta shiga daidai: tsawon mita 100 ya koma santimita 28.6, faɗi kuma 4.3 da ɗan ɗoriya. Ginin da ke bisa shi ne aikin, domin dogon akwati ne na ɗakunan kwanan soja, kuma ba a samunsa a kwali, sai an yanka da hannu.

Nan rigimar take. Farantin roba mai kaurin milimita 0.5 ba ya jure gam na ruwa a irin wannan tsawo. Gam ɗin narkar da robar yake yi, in ya bushe sai gefen da aka shafa ya tsuke ya janyo ɗayan. Ranar farko za ka ga komai lafiya lau, bayan kwana biyu tsakiya ta lotsa, baki biyu sun ɗaga kamar ganyen da rana ta dafa. Zafin ɗaki mai rufin kwano ƙara masa gudu yake. Ɗora nauyi daga baya ba ya maganinsa, ruwan zafi ma ɗan lokaci ne ya koma gidan jiya. Farantai biyu suka tafi a banza, kuma da kuɗin aikowa daga waje, abin ya ci rai sosai.

Abin da ya yi aiki: farantin milimita 1, da haƙarƙari a ciki kowane santimita 2, tsayinsu ɗaya cif. A kife rufin a kan gilashi, a kafa haƙarƙarin da ɗigon sufa gulu a bakin allura, ba gam mai narkarwa ba, a danne da littattafai na awa 24. Gam na ruwa a kusurwa kawai, shi ma da bakin buroshi.

Dole rufin ya miƙe, tunda siffar 1967 nake bi, lokacin da jirgin ya zama hedikwatar rundunar kogi ta Amurka a yankin Mekong na Biyetnam, da filin saukar helikwafta a samansa. Fili mai lanƙwasa ido na kama shi tun daga ƙofa.

Fentin kore mai duhu zai jira ƙura ta lafa. Kafin nan na fara yankan dandamalin da ke kan ruwa wanda ake ɗaurawa a gefen jirgin don ƙananan jiragen yaƙi su jingina, santimita 7.8 da 2.4. Wanda ya san dabarar yin tayoyin kariya a wannan ƙanƙanta ba tare da sun zama ƙulli ba, don Allah ya taimaka.