Majigi Ba Ya Jefa Baƙi a Allo

Na shafe makonni ina nazarin sababbin na'urorin majigi, domin hoton da nake samu a ɗakin kallona ya daina gamsar da ni, musamman idan fim ya kai wurin da ake nuna dare, inda komai yake komawa toka-toka kamar ana kallonsa ta cikin hazo. Majigina na 1080p ne, kuma abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in sayi na 4K, wanda yake da ɗigon hoto 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na abin da tsohon yake nunawa. Wani ɗan gwaji ne ya sa na dakata.

Na kashe majigin, na bar ɗakin yadda na saba barinsa lokacin kallo, sannan na zauna na dubi allon, sai na ga ina hango farinsa sarai. Majigi haske kawai yake jefawa, ba shi da ikon jefa baƙi, saboda haka duk wurin da ya kamata ya yi baƙi a hoto wuri ne da na'urar ta janye haskenta, kuma ba zai taɓa fin duhun da allon yake da shi a cikin ɗakin ba. Idan taga tana shigo da haske, ko kuma bango da silin farare ne suna maido wa allon hasken da ya fito daga gare shi, to sabon majigi zai ƙara kaifin hoto, amma tokar nan tana nan daram.

Farin allo irin nawa, wanda ma'aunin maido haskensa 1.0 ne, yana watsa duk hasken da ya sauka a kansa ta kowane ɓangare, bai san na majigi ba, bai san na fitila ba. Akwai allon da ake kira ALR, wanda aka ƙera fuskarsa domin ta juyo da hasken majigi zuwa ga mai kallo, ta kuma rage wanda yake zuwa daga wasu kusurwoyi. Yana da nasa nakasu, domin wanda ya zauna can gefe yakan ga hoton ya ɗan dushe, kuma wajibi ne allon ya dace da irin majigin: wanda aka yi domin majigin da ake ajiyewa dab da bango yana karɓar haske ne daga ƙasa, ba zai yi aiki da na'urar da aka rataya a silin ba. Girma ma abin lura ne. Wanda ya tashi daga allo mai inci 100 zuwa mai inci 120 ya ƙara girman fuskar gaba ɗayanta da kashi 44 cikin ɗari, kuma da yake hasken na'urar bai ƙaru ba, hoton zai dushe da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Wani lokaci kuma laifin na majigin ne. Idan ɗakin ya yi duhu ƙirin amma baƙin hoton bai sauka ba, na'urar ce take yoyon haske, kuma majigin JVC da Sony masu fasahar samar da hoto da ake kira LCoS sun yi suna wajen rage wannan yoyon. Kafin a kai ga haka, ya kamata a duba awoyin da ƙwan fitilar ya ci, domin ƙwan majigi yakan rasa kusan rabin haskensa a ƙarshen 'yan dubban awoyin da aka ƙayyade masa, alhali masu amfani da leza sukan kai awa 20,000. Nawa ƙwan ya tsufa, abin da ban taɓa dubawa ba sai a wannan karon.

Na yanke shawarar sayen allon ALR da ya dace da majigin silin, da sabon ƙwai, da labule mai kauri, tunda allo mai kyau zai ga bayan majigi biyu ko uku. Batun 4K na ɗage shi zuwa ranar da wannan ƙwan zai mutu.