Na koma ɗalibi bayan na bar kasuwa

A wajenmu, da zarar furfura ta cika gemu, mutane sun daina gaya maka abin da ba ka sani ba. Kai ake kawo wa rikicin aure da rabon gado, kai ake jira ka yi addu'a a wurin suna. Girma ne, kuma na gode wa Allah da shi. Amma da na miƙa wa babban ɗana rumfar atamfa a babbar kasuwar Garwa da ke Kamaru na dawo gida, sai na lura kwanaki suna wucewa ban yi wa kowa tambaya ba, in ban da "ina gajiya" da "yaya iyali". A majalisarmu ta bayan la'asar hira ɗaya muke juyawa: albarkar kuɗi a zamanin Ahijo, karya darajar sefa a 1994 da ya rage jarin mutane da rabi, da yadda ƙungiyar ƙwallon garinmu, Coton Sport, ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 2008 Al Ahly ta hana ta kofi. Duk an yi. Sai dai kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai faɗa tun kafin ya buɗe baki, kuma wannan ya fi ciwon gwiwa tayar mini da hankali.

Na yi allo, ina karanta ajami, na yi ciniki shekara da shekaru da Hausa da Fillanci da ɗan Faransancin kasuwa. Rubutun boko kuwa sai dai a karanta mini. Saƙon kuɗi na Orange Money ya shigo waya, sai na nemi yaro. Takardar kuɗin wuta ta zo, sai na nemi yaro. Na ƙudurta zan koya, na fara da 'ya'yana, abin bai tafi ba. Ɗa yana jin nauyin ubansa, ko na karanta a karkace sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Wanda ba a gyara masa kuwa ba ya gaba.

Jikata ce ta raba gardama. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma ni a ganina wannan wasan rahama ce da iyayenmu suka bar mana ba mu san darajarta ba: ita kaɗai ce a gidan take da izinin ce mini ban iya ba. Takan zo da littafinta na firamare bayan sallar asuba, kafin ta tafi makaranta, ta ce, "Angona, ba haka ba ne, sake." In ce, "To amarya, a bi ni a hankali." Faransanci yana da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, su suka fi ba ni wuya. Na gane kuma kan tsoho yana ɗauka, sai dai ba ya son lodi: kaɗan kullum da safe, a rubuta da hannu, a maimaita washegari. Sai da na je aka gwada idona aka ba ni tabarau, don rabin abin da nake ɗauka nauyin kai ne ashe hazon ido ne.

Da karatu ya fara zama, tambayoyi suka riƙa zuwa da kansu. A Garwa aka haife ni, wutar madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai nake sha tun ina da ƙarfina, amma ban taɓa taka wurin ba. Na shiga mota na je. Mutanen Sin ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, injuna huɗu ne ruwa ke juyawa, ƙarfinsu megawat 72. Na zauna da masunta a bakin tafkin, Musgum da Kotoko da Hausawa 'yan'uwana da kifi ya kawo su, na yi ta tambaya har suka gaji da ni suka ba ni shayi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zancen ambaliya. Ina da dangi a Yola, kuma a 2012 da 2022 duk wayar da muka yi magana ɗaya ce: "Kun sako mana ruwa." Da can nakan yi shiru ko in yi musu. Yanzu jikata ta buɗe mini taswira a waya na bi Binuwai da yatsa tun daga tsaunukan wajen Ngaundere. Kogin Mayo Kebbi yana shiga cikinsa bayan ya wuce Lagdo, kafin Garwa. Kogin Faro kuma yana haɗuwa da shi can kusa da iyakar Najeriya. Wato akwai ruwa mai yawa da ke isa Yola wanda bai taɓa bi ta ƙofar madatsar ba. Hakan bai wanke sakin ruwa ba, don wanda gonarsa ta nutse asararsa gaskiya ce, kuma haƙƙinsa ne a sanar da shi da wuri. Amma yanzu in muna waya bayani muke yi wa juna, ba zargi ba.

Akwai kuma maƙwabcina, ɗan ƙabilar Tupuri, Kirista, tsohon malamin makaranta. Shekaru muna gaisawa ta kan katanga ba mu wuce nan ba. Kalmar da ta gagari jikata ce ta kai ni ƙofarsa. Yau shi ke duba mini rubutu, ni kuma ina nuna masa ajami, yana mamakin yadda 'yan kasuwa suka riƙe lissafin bashi da shi tun kafin zuwan Jamus. Ban bar komai na addinina ba, shi ma haka, amma na san sunayen 'ya'yansa da abin da ke hana shi barci.

A majalisa wasu sun ce me tsoho zai yi da boko, ya riƙe carbi ya fi. Carbina yana hannuna. Wanda ya umarce mu da ibada shi ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, ban kuma ga inda aka cire masu furfura ba. Biyu daga cikinsu yanzu sukan miƙo mini wayarsu a ɓoye in karanta musu saƙo, ni kuma nakan ce su je su nemi jikokinsu.

In Allah ya kai mu ƙarshen damina, zan bi maƙwabcin nan nawa zuwa wajen Marwa in ga dashen masakwa, dawar rani. Na sha cin tuwonta, amma har yau ina son wanda ke nomanta ya nuna mini yadda dawa ke nuna a watan Fabrairu a kan laka, alhali tun da aka dasa ta ba ta ga ruwan sama ba.